Ambulan ɗin Hajiya a Aljihun Kujera

Na sayi motar ne a shekarata ta biyu a Manchester, bayan na gama digiri na biyu na samu aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke bayan gari, inda bas ba ta kaiwa sai an canza sau biyu. Tsohuwa ce, ruwan toka, amma lafiyarta ƙalau. Kafin in biya kuɗinta na yi kusan mako uku ina kwatanta kamfanonin inshora, har matata ta ce da irin wannan binciken na yi kafin in aure ta, da har yau tana gidansu. A ƙarshe na zaɓi inshorar da ta haɗa komai. Akwai alkawari ɗaya a cikinta da ya kwantar mini da hankali: in wanda ba shi da inshora ya buge ka, kuma laifin ba naka ba ne, za su biya ka ba tare da sun cire komai ba, ba kuma za su ƙara maka kuɗin shekara mai zuwa ba.

Na karanta littafin sharuɗɗan, ko kuma in ce na zaci na karanta. Shafin da aka jera abubuwan da inshorar ba ta ɗauka na wuce shi da sauri, don na ga maganar tsere ce da haya da dakon kaya. Ni kuwa ko gudun da doka ta yarda da shi ban cika kaiwa ba.

A cikin mutanenmu na Manchester akwai wata ɗabi'a da ba wanda ya kafa ta, amma kowa na bi. In za ka Birmingham da mota, sai ka faɗa. In ka je ka dawo ba ka faɗa ba, za ka ji labarinka a bakin mutane har Sallah ta zagayo. Saboda haka ranar wata Juma'a, da na yanke shawarar zuwa duba wani abokina da aka sallamo daga asibiti a can, na rubuta a guruf ɗinmu na waya cewa gobe in sha Allah zan je Birmingham, mai saƙo ya kawo. Kafin Isha'i na samu turmin atamfa, da cajar kwamfuta da wani ɗalibi ya manta a ɗakin abokinsa, da ƙunshin kilishi. Sannan Hajiya ta kira.

Hajiya matar wani likita ce, sun fi shekara ashirin a unguwar Cheetham Hill, nan cikin gari. Duk ɗalibin da ya taɓa yin azumi a Manchester cikin mutanenmu ya san ɗanɗanon kunun gyaɗarta. Tun ina jami'a take ce mini ɗana, ni kuma ban taɓa zama a kujera a gabanta ba sai ta ce in zauna. 'Yarta ta haihu a Perry Barr, wata unguwa a Birmingham, ta je ta yi mako biyu ta dawo saboda ciwon gwiwa, amma hankalinta na can. Ta ce tana da ɗan kayan jego, in biyo da safe.

Ɗan kayan ya zama kula biyu da jaka huɗu: farfesun kaza, da dakakken yaji, da man shanu, da garin kunu, da wasu abubuwan da ban tambaya ba. Hajiya mace ce mai tsari, saboda haka kowace jaka ta manna mata farin salatif ta rubuta sunan mai ita da lambar unguwa da baƙin alƙalami. Har saƙonnin sauran mutane ta karɓa ta yi musu haka, wai kada in rikice. Daga nan ta ce in shiga ciki in sha kunu, ita za ta shirya kayan da kanta, don maza ba su iya jera kula a but ba. Na ba ta makulli na shiga.

Ruwa ake yi tun daga babbar hanyar M6, ba mai ƙarfi ba. Wajen azahar na iso Perry Barr, na tsaya a danja kusa da wani rukunin kantuna. Ina jin na fi minti guda a tsaye. Abin da na tuna shi ne ƙara, da kaina da ya bugi matashin kujera, da warin yaji da ya cika motar nan take. Wata baƙar mota ce ta shigo mini ta baya. Direban ya fito, ya dubi gabanta, ya dube ni, ya faɗi wata magana da ban ji ba, ya koma ciki ya ja da baya ya bi ta gefe ya tafi. Ban bi shi ba, ban ma yi tunanin haka ba. Lambar motar kawai na riƙa maimaitawa a bakina kamar mai tilawa, har na samu biro na rubuta a tafin hannuna. Wata mata da ke jiran bas ta tsallako ta ba ni lambar wayarta, ta ce ta ga komai.

Na kira 'yan sanda, sannan na shiga ɗaukar hoto. Na ɗauki bayan motar, da titin, da danjar, da fasassun gilasan fitila. Na buɗe but da ƙyar na ɗauki cikinsa: farfesu ya malale a ko'ina, jakunkuna a jere, kowace da sunanta da lambar unguwarta. A lokacin na ga kamar ina yin abin da ya dace, kuma har yau ban tabbata ba daidai ba ne.

Mijin mai jego ne ya zo ya ɗauke ni bayan an ja motar. Injiniya muke ce masa, mutum mai fara'a, wanda ba abin da ke ɗaga masa hankali. A flat ɗinsu, bayan na yi salla na sha shayi, na duba waya na ga Hajiya ta turo saƙon murya tun kusan awa guda bayan na bar gidanta, lokacin ina kan hanya. Na fita baranda na saurara. Ta ce ta san halina, da ta ba ni a hannu ba zan karɓa ba, shi ya sa ta bari sai da na yi nisan da ba zan iya juyowa ba. Akwai ɗan abu a aljihun bayan kujerata, kuma ba ta son ta ji wata magana a kai. Ta yi mini addu'a, ta ce in daina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai kada farfesu ya huce. Sannan ta ƙara da wata magana a kan Injiniya, wadda zan zo kanta.

Ranar Litinin na kira kamfanin inshora daga falonmu a Ardwick, matata na zaune a gefe tana ninke kayan wanki. Wata mata ce ta ɗauka, mai ladabi ƙwarai. Ta yi mini jaje, ta karɓi lambar baƙar motar, ta ce za su duba. Sannan ta shiga tambayoyin da ke gabanta. Ina za ni? Na faɗa. Ina ɗauke da kayan wasu mutane? Na ce eh. An biya ni wani abu?

Nan na tsaya. Wani zai ce a'a ya wuce, kuma ina jin bai yi ƙarya ba. Ni kuwa an riga an gaya mini ana naɗar maganar, ga muryar Hajiya a kunnena. Na ce mata ba zan ce an biya ni ba, amma kuma ba zan ce babu kuɗi a cikin maganar ba, don wataƙila akwai ambulan a motar, ko da yake ban gan shi ba. Matata ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube ni. Matar ta ce ba komai, za ta rubuta. Don in ƙara nuna gaskiyata, da yamma na tura musu duk hotunan da na ɗauka, har da hoton sanarwar da na yi a guruf, na fassara ta da kaina zuwa Turanci.

Mako uku bayan haka wasiƙa ta zo. Sun tabbatar baƙar motar ba ta da inshora, kuma ba su ce laifina ba ne. Amma bisa maganata da hotunan da na tura, sun fahimci cewa a lokacin haɗarin ina dakon kaya ne don a biya ni, wanda yake cikin abubuwan da inshorata ba ta ɗauka. Saboda haka ba za su biya ba, alkawarin nan ma bai shafe ni ba. A sakin layi na ƙarshe suka ce suna duba yiwuwar soke inshorar tun daga ranar da na saye ta, don ban faɗa musu gaskiyar abin da nake yi da motar ba.

Na karanta wannan sakin layin ya fi sau goma. Rashin motar ya dame ni, amma ba kamar wannan ba. Duk wanda ya taɓa cika fom ɗin inshora a ƙasar nan ya san tambayar: an taɓa soke maka inshora? Ba su ce cikin shekara kaza ba, cewa suke an taɓa. Ke nan duk lokacin da zan sayi inshora, sai na amsa da bakina cewa wani kamfani ya taɓa kama ni da ƙarya. Ni da ban taɓa wuce ranar mayar da littafin laburare ba.

Na tura wa Injiniya hoton wasiƙar, ya kira ni. Shawararsa ita ce in sake kiran su in ce ban fahimci Turancin matar ba, kayan duk nawa ne, sunayen da ke jiki kuma na 'yan uwana ne.

"Ai kusan gaskiya ce, mutumina," ya ce. "Wa ye a cikinmu ba ɗan uwanka ba? Kai dai ka samu kuɗin inshorarka su fita."

Na ce zan yi tunani. Ban yi ba. Zan so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni, amma akwai tsoron naɗaɗɗiyar muryar nan tawa da ke hannunsu. Bayan haka, an zarge ni da ƙaryar da ban yi ba, ban ga yadda zan wanke kaina da ta gaske ba. Matata ta ɗauko littafin sharuɗɗan daga durowa ta ajiye a gabana, ta ce tunda karatu na iya, in karanta.

Na yi kwana huɗu ina karanta shi a cikin bas, don na koma canza bas biyu safe da yamma. Na ja layi da fensir a ƙarƙashin duk abin da ya shafe ni. Ni ba lauya ba ne, kuma mai yiwuwa ne lauya ya ga abin da ban gani ba. Amma yadda na fahimta, ba ɗaukar kayan wani ne suka hana ba. Abin da suka cire shi ne ka ɗauki kaya a kan za a biya ka. To ni ban ɗauki kayan Hajiya a kan komai ba. Lokacin da na tayar da mota ban san da kuɗin ba, lokacin da aka buge ni ma ban san da su ba. Abin da ya rage shi ne in nuna hakan ga mutanen da ba su taɓa shan kunun Hajiya ba.

Abu biyu nake da su: ambulan ɗin, da saƙon muryar. Na fara da ambulan, don shi ba sai na haɗa ido da kowa ba. Na nemi izinin zuwa ɗaukar kayana daga inda aka ajiye motar, wani fili a bayan Birmingham. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa, na hau bas, na taka sauran da ƙafa. Wani dattijon Bature mai rigar aiki ya raka ni cikin layin fasassun motoci. Tun kafin mu isa na gane tawa da wari, don farfesun ya yi wata guda a but. Dattijon ya toshe hanci ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na ce kaza ce, amma ta riga ta mutu kafin haɗarin.

Na roƙe shi ya tsaya ya ga abin da zan yi, na kunna bidiyo a waya, na faɗi ranar da wurin kamar yadda na ga ya kamata, sannan na zura hannu a aljihun bayan kujerar direba. Yana nan. Farin ambulan ne, a liƙe, Hajiya har salatif ta ƙara masa. A bayansa ta rubuta da alƙalamin nan nata: Ɗana, Allah ya yi albarka. Ban buɗe ba. Na sa shi a ledar roba na liƙe, dattijon ya rubuta mini layi biyu cewa a gabansa aka ciro shi a rufe. Ya ce shekarunsa da yawa a wurin, mutane sukan zo neman tabarau da makullin gida, bai taɓa ganin wanda ya zo neman kuɗi don kada ya kashe su ba.

Saƙon muryar ne mai wuya. Na tambayi kamfanin ko za su karɓa, suka ce sai da fassarar ƙwararren tafinta mai hatimi, kuma dukkansa, daga farko har ƙarshe, ba a yanke ko'ina ba. Matsalar ita ce ƙarshen saƙon. Bayan addu'a da maganar tuƙina, Hajiya ta ce in tabbatar na damƙa farfesun a hannun 'yarta, don mijin nan nata ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, in aka bar masa kula zai cinye naman ya kai wa mai jego romo. Injiniya kuwa shi ne ke gyara mini Turancin takardar ƙorafina, kuma duk abin da zan haɗa da ita sai ya bi ta hannunsa.

Na yi mako guda ina ɗaga zuwa Cheetham Hill. Hajiya ta san an yi haɗari, ta zo har Ardwick ta yi mini jaje, amma ba ta san kuɗinta ne suka tsayar da komai ba. Ban ga ta inda zan fara gaya wa uwa cewa alherinta ya zame mini matsala ba. A ƙarshe matata ta ce ko in je ranar Lahadi, ko ita ta je ta faɗa da irin bakinta. Na hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, na tafi.

Na zauna a ƙasa kan kafet, na yi ta kewaye-kewaye. Na yi maganar ruwan sama, na tambayi gwiwa, na ce akwai wata 'yar magana da wataƙila ba ta da muhimmanci. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce in faɗi abin da ya kawo ni kafin la'asar ta wuce. Na faɗa. Da na zo inda kamfanin ya kira kuɗinta ladan dako, sai ta ajiye carbinta.

"Wato ni ce na ɗauke ka haya," ta ce a hankali. "Ɗan dako na mayar da kai."

Na ce ba haka nake nufi ba, su ne suka rubuta.

"Kai ka gaya musu ai. Wa ya aike ka? Uwa ta ba ɗanta abu, sai ya kira Turawa ya kai rahoto?"

Na ce an tambaye ni ne, kuma na ji tsoron in ce a'a alhali akwai ambulan. Ta tambaye ni nawa ne kuɗin motar, ta ce maigidanta Dakta zai iya taimakawa a sayi wata, a bar su da halinsu. Wannan ne wuri ɗaya a duk maganar da ban yi kwana-kwana ba. Na ce mata ba motar ce damuwata ba. Sun rubuta cewa na yi musu ƙarya, kuma ina so su janye da hannunsu.

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta ce to me nake so ta yi. Na kunna mata saƙon nata. Ta saurara tana gyaɗa kai a wurin addu'a, ta yi murmushi a wurin ƙwai. Da aka zo kan ruwan zafi ta rufe baki da gefen mayafi. Na bayyana mata cewa ba za a yanke ba, kuma Injiniya zai gani.

"A tura," ta ce. "Ai ba ƙarya na yi masa ba."

Bayan haka ta sa na ɗauko takarda ta yi mini shifta, ta ce a haɗa da wannan ma. Na ba ta shawarar mu ce gudummawar mai ce, don kalmar ta fi sauƙin shiga kunnensu. Ta ƙi. Ta ce ita ba ta san nawa ake shan mai zuwa Birmingham ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Kyauta ce, haka za a rubuta. Ta ce a rubuta kuma cewa shekara da shekaru haka take yi wa duk yaron da ya yi mata hidima, a aljihun riga ko ƙarƙashin murfin kula, kuma ba ta faɗa sai mutum ya yi nisa, don mai kunya ba ya karɓa a hannu.

Na biya tafinta ya fassara duka biyun. Na tura wa Injiniya ba tare da na ce komai ba, na kashe ƙarar wayata na sa ta a aljihu. Da na duba bayan awa biyu, ya dawo mini da takardar ƙorafin a gyare, tsaf. A ƙasa ya rubuta da Hausa cewa a sanar da kamfanin inshora ruwan zafi dai ya iya dafawa, maganar nama kuma ba zai ce komai ba sai a gaban lauyansa.

Amsar farko da ta zo ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin abin da na tura ba. Wasiƙar farko ce aka sake wa kwanan wata. Ranar na ji kamar in bari. Na zauna a bas ina tunanin ko ni ne ban fahimci littafin ba, ko akwai wani layi da na tsallake kamar yadda na tsallake na farko. Na dawo gida na sake karanta shafin, ban ga sabon abu ba. Na rubuta musu cewa ina so wani babba ya duba lokacin da aka turo saƙon muryar ya kwatanta da lokacin da na bar Manchester, in kuma wannan ce amsarsu ta ƙarshe su faɗa mini a rubuce, don in kai maganar ofishin da ke sauraron ƙorafin jama'a a kan irin waɗannan kamfanoni. Na goge kalmar wataƙila sau shida daga wasiƙar kafin in tura. Matata ta samo ta bakwai.

Daga nan na mayar da ita al'ada, duk Talata lokacin hutun cin abinci sai na kira. Ina rubuta ranar da abin da aka ce mini a bayan littafin sharuɗɗan. Wasu lokuta ba abin da ake ce mini sai cewa ana dubawa. Na kan yi godiya in ce zan sake kira Talata mai zuwa.

A mako na bakwai, in ban manta ba, su suka kira ni. Wani mutum ne mai muryar manya, ya ce shi aka miƙa wa fayil ɗina. Ya karanta fassarar, ya ga bidiyon, ya yi magana da matar da ta ga haɗarin. Tambaya ɗaya yake da ita, kuma ba ta cikin fom. Me zai sa mutum ya ɓoye kuɗi a motar wani, sannan ya jira sai ya yi nisa ya gaya masa?

Na ce masa don kada a mayar masa. Da ta miƙo mini zan ƙi, ita za ta dage, ni zan dage, a ƙarshe ɗayanmu ya ji kunya. Ta wannan hanyar ba wanda ya ji kunya. Ya tambaya ko na san za ta yi hakan. Na ji tsohon halina ya taso, na kusa cewa wataƙila ya kamata in yi zato. Na haɗiye. Na ce ban sani ba, kuma ko da ba ta sa komai ba, kayan nan zan kai su.

Na ji ƙarar madannan kwamfuta. Sannan ya tambaya ko surukin ya ga fassarar. Na ce ya gani. Ya yi 'yar dariya ya ce zan ji daga gare su.

Wasiƙar ta zo bayan kwana tara. Sun sake duba maganar, sun yarda ba dako nake yi ba. Za su biya kuɗin motar ba tare da cire komai ba kamar yadda alkawarin ya ce, kuma ba za a soke inshorata ba, ba wani abu da za a rubuta a kan sunana. Haƙurin da suka bayar layi ɗaya ne. Ban tsaya nan ba. Na sake rubuta musu cewa ina so su tabbatar mini a takarda cewa in na ɗauki saƙon abokai kyauta inshorata na aiki. Sai da na tura imel uku kafin su amsa. Takardar na cikin motar da na saya daga baya, a cikin leda, tare da littafin sharuɗɗan.

Ambulan ɗin ya yi watanni a durowarmu. Ban iya kashe kuɗin ba, ban kuma isa in mayar wa Hajiya ba. Da na tashi zuwa Birmingham karo na farko da sabuwar motar, na yi sanarwa a guruf kamar kullum, Hajiya ta kira kamar kullum. Ta ce in shiga in sha kunu. Na ce na ƙoshi, na jera kulolin da kaina tana tsaye tana gyara mini da baki, na kulle motar a gabanta. Ta ce Turawa sun lalata mata ɗa.

A Perry Barr na damƙa farfesun a hannun mai jego, Injiniya na kallo. Aka miƙo mini jaririyar, ta yi wayo har tana kama yatsa. Da suka shiga kicin, na zura ambulan ɗin cikin jakar kayanta, a ƙarƙashin tawul. Sai da na kama M6 na yi tafiyar kusan awa guda, na tsaya a wurin shan mai, sannan na tura wa Injiniya saƙon murya. Na ce ya duba jakar yarinya, kuma ba na son in ji wata magana a kai.